Baƙin Tsuntsaye a Fadamar Rima: Nauyinsu a Wuyan Wa?

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan Gulbin Rima ya fara ja da baya daga fadamun Goronyo da Wurno, sai wasu tsuntsaye da rabon a gan su tun bazara su bayyana. Akwai ƙananan agwagin ruwa da ke sauka garke-garke a tafkuna. Akwai masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka a gefen gonakin shinkafa. Akwai ɗan mai rawayan ciki da ke bin sawun shanu yana kaɗa jela, da wasu ƙanana da ke shigewa cikin gawo da aduwa, sai mai lura ke ganinsu. Ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Turai da arewacin Asiya suke, wasunsu daga manyan dazuzzukan sanyi da suka miƙe tun daga Suwidin da Finlan har Saberiya ta ƙasar Rasha. Can suke sheƙa, su yi ƙwai, su reni 'ya'ya tsakanin Mayu da Yuli. In hunturu ya kawo kai, ƙwari suka ɓace, sai su ƙetaro Bahar Rum da Sahara su zo mana cin rani, kamar yadda samarinmu ke barin gida bayan girbi, su koma in damina ta gabato.

Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2009 ya nuna ƙananan tsuntsaye kusan biliyan 2 ne ke yin wannan tafiya daga Turai zuwa Afirka kowace shekara, ban da na ruwa. A cikinsu akwai wanda nauyinsa bai wuce giram 10 ba, amma yana ratsa Sahara da ɗan kitsen da ya tara a jikinsa. Shekaru da dama ke nan masu ƙidaya a Turai na ganin yawancin waɗannan matafiya suna raguwa. Da farko hankali ya tafi ga dazuzzuka da fadamun da suke haihuwa. Daga baya aka ce kiyaye can kaɗai ba zai wadatar ba, sai an kiyaye masaukinsu na nan. Ta haka maganar ta iso ƙofar manomin Wurno da masuncin Goronyo da makiyayin Rabah, kuma ta raba kan mutane gida biyu.

Masu cewa a kiyaye

Hujjarsu ta farko ita ce tsuntsun ba na Bature ba ne shi kaɗai. Wanda ke zuwa a watan Satumba ko Oktoba ya tashi a Maris ko Afrilu ya yi rabin shekara a ƙasarmu, ya fi daɗewa a nan fiye da wurin da ya yi sheƙa. In Finlan na kiransa nata don can aka haife shi, Sakkwato ma na da ikon kiransa nata don nan yake rayuwa. Najeriya kuma ta sa hannu a yarjejeniyar Bon ta 1979 kan dabbobi masu ƙaura, da ta Ramsar kan fadamu da dausayi, da ta 1995 kan tsuntsayen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Afirka da Turai da Asiya. Alkawari kaya ne, in ji su.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa halin da tsuntsun ke ciki shi ke nuna halin da fadama ke ciki. A 1969 masu ƙidaya a Ingila suka tarar da fiye da kashi biyu cikin uku na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba. An duba gonaki da dazuzzukan Ingila ba a ga dalili ba. Sai a 1974 masana suka danganta abin da farin da ya fara a yankin Sahel, inda tsuntsun ke cin rani. Kafin a kai ga wannan bayani, farin 1973 ya riga ya kashe dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka daga Senigal har Chadi, dattawanmu ba su manta ba. Wato tsuntsun ya riga mutane jin zafin, shekaru kafin yunwa ta bayyana.

Sai su kawo misalin gida. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da ita, a kwarin da ya biyo ta Gandi da Rabah, ya nuna ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta ragu, masu shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, kamun kifi ya ja baya. Ruwan da ya daina malala a fadama shi ne ruwan da kifi ke hayayyafa a ciki, shi ke cika rijiyoyin masu albasa da tafarnuwa, shi ke fito da ciyawar rani, shi ne kuma masaukin agwagin ruwa. Haka aka gani a Haɗeja da Nguru bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992: ambaliya ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar Haɗeja ya fi kawo amfani, in aka haɗa noma da su da itace, fiye da irinsa da aka tare don aikin ban-ruwa na Kano.

Hujja ta uku ta itace ce. Masanan ƙasar Holan da suka shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya-bishiya a faɗin Sahel sun tarar baƙin nan ba kowane itace suke sauka ba. Sun fi son masu ƙaya irin su gawo da aduwa da dangin farar ƙaya, don su ke tara tsutsa da ƙwari. Darbejiya da turare, waɗanda muka fi dasawa a shingen kare hamada, kusan fayau suke. Gawo kuwa manomi ya san shi tun kafin masana su zo: yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana ba, ya yi kore shar da rani, 'ya'yansa abincin awaki ne, ƙarƙashinsa kuma hatsi ya fi kyau. Lokacin da yake da ganye shi ne daidai lokacin da baƙin ke nan. Wanda ya sare gawo don gawayi ya kori tsuntsu, amma gonarsa ya fara cuta.

A ƙarshe sukan tuna mana cewa kiyayewa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Shamuwa tana sheƙa a tsakiyar gari ba mai jifarta, don ita ke albishir da damina. Aya ta 38 a Suratul An'am ta lissafa tsuntsaye cikin al'ummomi, hadisi kuma ya yi gargaɗi kan kashe ɗan tsuntsu don wasa. Malaman jihadi, musamman Shehu Abdullahi na Gwandu, sun yi rubutu kan hurumi da hukuncin ƙasar da ba mai ita. A Argungu, ƙasa da mu a kan wannan ruwa, hana su a Matan Fada sai lokacin biki shi ya sa ake samun manyan kifaye. Ba wanda ya zo daga Turai ya koya wa Kabawa haka.

Masu cewa ba namu ba ne

Waɗannan ba jahilai ba ne, ba kuma marasa tausayi ba. Tambayarsu ta farko ita ce: wa ya fara ɓarnar? Finlan ta yi magudanu ta tsotse fiye da rabin dausayinta, mafi yawa don shuka itacen katako, alhali a wannan dausayin ne tsuntsayen bakin ruwa ke ƙwai. A Suwidin ana aske daji ƙwal a sake dasa itace iri ɗaya. A Rasha gobarar daji ta cinye fiye da hekta miliyan 18 a 2021 kaɗai. Tsuntsayen gonaki a Turai sun ragu da fiye da rabi tun 1980, saboda noman injina da maganin ƙwari. A hanya ma ba su tsira ba: ƙungiyar BirdLife ta ƙiyasta a 2015 cewa ana kashe kimanin miliyan 25 ba bisa ƙa'ida ba kowace shekara a kewayen Bahar Rum, da Masar da Italiya a sahun gaba. Yaron da ke harbi da danƙo a bayan gari nawa zai kashe a ransa?

Suna da misali mai ƙarfi a kurciyar Turai, wadda ita ma Sahel take cin rani. Ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 tun 1980, aka yi ta zargin fari da sare itace a Afirka. A 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da farautarta, cikin 'yan shekaru sai ga ta tana ƙaruwa. Ba abin da ya canja a Sakkwato a wannan tsakanin. Maharban can ne suka ajiye bindiga. Don haka, in ji su, mai ɗaki ya fara share ɗakinsa kafin ya leƙo namu.

Tambaya ta biyu ita ce ta ciki. Ga manomin shinkafa a Wurno, in aka ce tsuntsu, jan-baki yake ji. Garke ɗaya na iya kai miliyoyi, kowane ɗaya kuma na lalata kimanin giram 10 na hatsi a rana. Yara na kwana a gona suna kaɗa gwangwani, a ja igiya, a yi ihu tun asuba har magariba, wani lokaci duk da haka a tashi da buntu. Mutumin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ka zo masa da maganar tausayin tsuntsu, zai ga ba ka san inda ke masa ciwo ba. Kuma ba jan-baki kaɗai ba: wasu daga cikin baƙin, irin agwagi da wani mai dogayen ƙafafu da ke zuwa dubbai, suna cin shinkafa, musamman wadda aka watsa ba a dasa ba.

Ta uku ita ce cuta. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, aka yi asarar kaji masu ɗimbin yawa. An yi ta jayayya ko fataucin kaji ne ya kawo ta ko tsuntsayen daji, amma binciken da aka yi kan ɓarkewar da ta biyo baya ya nuna masu ƙaura na cikin masu ɗauko ƙwayar cutar daga nahiya zuwa nahiya. Matar da jarinta kaji goma ne da zabi biyar tana da dalilin tsoro.

Ta huɗu ita ce ƙasa da tsaro. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ba don tsuntsu aka gina ta ba. Don noman rani ne da ruwan sha na Sakkwato da Birnin Kebbi. A 2018 ruwanta ya ƙafe har ya koma kusan kashi 10 cikin 100. A shekara irin wannan, wa zai ce a saki ruwa don agwagi? A 2010 kuwa ruwa ya yi yawa, aka buɗe ƙofofi, ƙauyuka suka nutse, har hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. Wanda ya ga wannan, kalmar ambaliya ba ta yi masa daɗin ji. Sannan duk wanda ya san abin da dajin Gundumi ya zama, ya tuna harin 'yan bindiga a Tabanni ta Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, zai yi ɗari-ɗari da duk shawarar da ta ce a ware daji a hana mutane shiga. Dajin da ba ƙafar manomi da makiyayi, an ga wanda ke tarewa a ciki.

A ɗora su a sikeli

Masu adawa sun yi gaskiya a abu biyu, kuma bai kamata a yi musu kwana-kwana ba. Na farko, babban kason ɓarnar a arewa yake da kan hanya, kuma masu arzikin can sun fi mu ikon gyarawa. Tarayyar Turai na da dokar kare tsuntsaye tun 1979, ta ƙara da dokar farfaɗo da muhalli a 2024. Ya kamata ta cika su a aikace, a dazuzzukanta da dausayinta. Na biyu, duk tsarin da zai killace fadamar Rima ya kori mai garma da mai koma da mai sanda, zalunci ne, kuma ba zai ɗore ba.

Amma sun yi kuskure a inda suka haɗa tsuntsaye duka a kwando ɗaya. Jan-baki ɗan Afirka ne, bai taɓa ganin dajin Rasha ba, yawonsa tsakanin ƙasashenmu ne yana bin ruwan sama da 'ya'yan ciyawa. Mafi yawan ƙananan baƙin da ke sauka a itace ƙwari da tsutsa suke ci, ba hatsi ba, farar shamuwar Turai kuma fara da babe take bi. Feshin da ake yi da jirgin sama a makwancin jan-baki, da guba irin fentiyon, ba ya tambayar asalin tsuntsu. Yana kashe balbela da shaho da duk abin da ya ci mushen, ya kuma sauka a ruwan da ake su, ake shayar da dabbobi. A kewayen Tafkin Chadi akwai masu kama jan-baki da raga cikin dare, a soya a kai kasuwa. Wannan ba zai ƙarar da shi ba, feshin ma bai ƙarar da shi ba duk shekarun nan, amma ya bar nama da kuɗi a hannun mutane maimakon guba a fadama.

Misalin kurciya ma bai rushe na mai farin maƙogwaro ba. Abin da biyun suka nuna shi ne kowane iri da inda tasa matsalar take: wani bindigar Turai ce ke cinye shi, wani gatarin katako, wani kuma farin Sahel da ƙarancin itace. Ba a ce laifin namu ne duka ba. An ce akwai kason da ke hannunmu, kuma wannan kason, in aka duba, ruwa ne da itace.

Nan ne masu kiyayewa suka fi rinjaye, ko da yake sau da yawa ba su iya faɗin maganar ba. Suna fara ta da tsuntsu, alhali da manomi ya kamata su fara. Ambaliyar 2010 ba ita ake nufi ba in an ce a bar ruwa ya shiga fadama. Ana nufin sakin ruwa da lissafi, a lokacin da aka sanar, gwargwadon da zai jiƙa ƙasa ya cika tafkuna, a shekarar da madatsa ke da rara. Wannan aikin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ne, kuma masunta da masu noman fadama ne za su fara cin moriyarsa. Yashe madatsa da dasa itace a bakin gulbi don rage yashin da ke cike ta, mai shan ruwan famfo a Sakkwato ne zai fara gode wa wanda ya yi.

Maganar itace kuwa ba sai an je nesa ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, manoma Hausawa irinmu, tun daga shekarun 1980, suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon ƙone shi, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itace ta wannan hanya, bishiyoyi wajen miliyan 200, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Ba don tsuntsun Finlan suka yi ba. Don itacen girki ne da harawa da kare shuka daga iska. Ba a killace gonar kowa ba, ba a kori kowa ba, tsuntsu kuma ya sami masauki. Gulbin Maraɗi a Rima yake zubewa. Abin da ya yiwu a can ba abin da zai hana shi yiwuwa a Goronyo.

Akwai inda bukatun ba su haɗu ba, kuma a faɗa. In aka mai da kowane taki na fadama gonar shinkafar rani, tafkunan da agwagi ke sauka za su ƙare, mashayar shanu ma haka. In aka bar su, wani zai rasa kadada. Nan sai sulhu: hakimai da sarakunan ruwa da sarakunan noma da arɗaɗɗai su zauna su ware 'yan tafkuna da burtali a matsayin hurumi, na su da shayarwa, ba na noma ba, kamar yadda aka gada. Barazanar mura kuma ba kisan tsuntsun daji ke maganinta ba, don harbi tarwatsa garke yake ya ƙara yaɗa ta. Maganinta raba kaji da agwagin gida da bakin tafki a lokacin sanyi, da kai rahoton mushe ga malaman dabbobi da wuri.

Matsaya

Manomin gabashin Sakkwato ba ya bin kowa bashin dajin Saberiya, ba a kuma binsa. Kiyaye wuraren haihuwar nan nauyi ne a wuyan ƙasashen da suke da su. Nauyin da ke wuyanmu shi ne fadamarmu da itatuwanmu, waɗanda ko babu tsuntsu ko ɗaya a duniya dole mu kiyaye su don kanmu.

Kuɗin ma ba a rasa ba. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Abin tambaya shi ne me ake dasawa, a gonar wa, kuma wa ke da ikon itacen in ya girma. A rage darbejiya da turare, a ƙara gawo da aduwa da bagaruwa da magarya, a kuma tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da haɗin gwiwar Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jos, ta riƙa ƙidayar tsuntsayen madatsun Goronyo da Lugu kowane Janairu, lokacin da ake yin ƙidayar ta duniya, don a riƙa muhawara da alƙaluman gida. Ƙungiyoyin waje masu son tsuntsunsu ya koma lafiya su sa kuɗinsu a yashe tafki da renon itace da ragar kare shinkafa, ba a taron otal ba.

Ga mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, ma'auni ɗaya ya isa. Duk wanda ya zo muku da shiri da sunan tsuntsu, ku tambaye shi: zai ƙara ruwa a fadama da itace a gona, ko zai rage muku ƙasa? In na farko ne, ku karɓa hannu biyu. In na biyu ne, ku ce masa ya koma ya sake shiri.